Wai Superman ɗin da ya karya wuyan Zod, har yanzu Superman ne?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Ni fa akwai abin da ya tsaya min a rai tun daren jiya. Na kunna wa yara Man of Steel, wancan na 2013 da Zack Snyder ya yi, a tunanina ai Superman ne ba matsala, sai ga shi a ƙarshe ya shaƙo Janar Zod, mugun fim ɗin, ya murɗe masa wuya har ana jin ƙarar ƙashi, sannan ya durƙusa yana ihu. Ƙaramin nawa ɗan shekara 7 ya juyo ya ce Baba ashe Superman ma yana kisa? Wallahi na rasa amsar da zan ba shi. Maganata ita ce mutanen nan sun lalata jaruman, sun cika su da duhu da ƙunci da jini, kuma ba haka asalinsu yake ba.

Sadiq: Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya raya mana su. Amma maganar asali ɗin nan ban yarda da ita ba gaskiya. Batman ya fara fitowa ne a 1939 a mujallar Detective Comics lamba 27, kuma a wannan labarin na farko ya naushi bos ɗin ya faɗa tankin asid ya mutu, ko a jikinsa. A farko-farkon nan har bindiga yana riƙewa. Daga baya ne editoci suka hana shi kisa, sannan a 1954 bayan an yi ta surutu a Amurka cewa littattafan komik na lalata tarbiyyar yara har majalisar dattawa ta zauna a kai, kamfanonin suka kafa wa kansu dokar tacewa, aka wanke komai tas. Shi ya sa a 1966 aka samu Batman ɗin Adam West mai barkwanci. To wanne ne asalin kenan? Duhun ne ya riga zuwa.

Maman Khalifa: Sadiq kai ma ka yi musu kuɗin goro. Baban Ummi maganar Superman yake yi ka ɗauko Batman. Batman yaro ne da aka harbe iyayensa a gabansa a lungu, garinsa Gotham cike da 'yan daba da 'yan sanda masu cin hanci, da dare yake fita da kayan jemage don ya tsorata masu laifi, wannan ko ka sa masa duhu ba wanda zai ce ka yi laifi. Shi kuwa Superman manoma ne suka tsince shi suka rene shi a wani ƙauye a Kansas, duk darajar labarinsa ita ce ga mutum mai ƙarfin da ba wanda zai iya taka masa burki amma tarbiyyar gida ta sa ya zama mai tausayi. Ni abin da ya fi ƙona min rai a fim ɗin ma ba wuyan Zod ba ne. Wurin nan ne da yana yaro ya ceci motar makaranta da ta faɗa ruwa, ya tambayi babansa to da sai in bar su su mutu, uban ya ce masa wataƙila. Uba fa! Kuma uban nan ya ɗaga masa hannu ya hana shi cetonsa guguwa ta tafi da shi yana kallo. In ka cire tarbiyyar me ya rage, ƙarfi kawai da jan mayafi.

Sadiq: Anti uban tsoro yake ji kar a gane yaron ba ɗan duniyar nan ba ne a ƙwace shi, wane uba ne ba zai ji wannan tsoron ba? Kuma batun Zod ku tuna yadda abin ya faru, yana fitar da wuta daga idonsa zai ƙone wasu iyali da suka maƙale a jikin bango, Superman yana roƙonsa ya daina ya ce ba zai taɓa dainawa ba, to me zai yi, ya tsaya yana masa wa'azi? Sannan ba Snyder ne ya fara ba, a komik na 1988 da John Byrne ya rubuta Superman ya kashe Zod da wasu biyu da koren dutsen nan kiriptonait.

Maman Khalifa: Madalla da ka kawo wannan. Me ya biyo baya a littafin? Abin ya dame shi ya hana shi sukuni har ya bar duniya ya tafi sararin samaniya don yana ganin bai cancanci zama cikin mutane ba. A fim kuwa ihu ɗaya ya yi, ba a jima ba ga shi yana wasa da wani janar ɗin soja, ga shi kan keke zai fara aikin jarida, bayan manyan benaye na birnin Metropolis sun rushe kan mutane. Kuma zancen ba shi da mafita, ai marubuci ne ya zauna ya toshe duk ƙofofin da hannunsa don a kai ga kisan.

Ɗan Gwale: Ku bari in shigo. Ni a ganina duk kuɗi ne ya jawo wannan. A 1997 aka yi Batman & Robin da George Clooney, wasan yara zalla, aka yi ta zaginsa har kamfanin ya ajiye Batman shekara 8. Sai Christopher Nolan ya zo da Batman Begins a 2005, ya biyo da The Dark Knight a 2008 wanda ya haura dala biliyan 1, Heath Ledger ya ci kyautar Oska da rawar Joker, abokin gaban Batman, bayan rasuwarsa. Daga nan masu kuɗin suka ɗauka sirrin duhu ne, alhali sirrin labari ne mai kyau. Ku duba ma, Batman ɗin Nolan duk ɓarnar da Joker ya yi masa da ya jefo shi daga saman bene sai da ya harba igiya ya kamo shi, fim ɗin gaba ɗaya a kan wannan iyakar ta ƙin kisa aka gina shi. Amma a Batman v Superman na 2016 ga Batman yana yi wa masu laifi lalas da ƙarfe mai zafi, yana ɓarin wuta daga motarsa mutane na mutuwa, ba wanda ya tsaya ya ce me ya faru da dokarsa.

Sadiq: An nuna ai, ya tsufa ya gaji, shekara 20 yana faɗa a Gotham, ga rigar Robin mataimakinsa a ajiye an yi rubutu a jikinta. Daga The Dark Knight Returns na Frank Miller na 1986 aka ɗauko salon. Ni wallahi jarumin da baya kuskure baya karaya baya taɓa min zuciya, don ban taɓa ganin irinsa a rayuwa ba.

Hauwa'u: Ni ina tare da Sadiq rabi. Logan na 2017 ya fi duk waɗannan jini amma na yi kuka a kansa. Wolverine, wato Logan ɗin, ya tsufa yana tari yana tuƙin mota don ya sayi wa Farfesa Xavier magani, yana ɗaukarsa ya kai shi banɗaki kamar yadda muke yi wa tsofaffinmu, duk wanda ya taɓa jinyar uba zai gane wurin nan. Wannan duhun yana da dalili. Joker na 2019 ma haka, Joaquin Phoenix ya ci Oska, amma su biyun an rubuta ƙarara na manya ne. Man of Steel kuma na 'yan 13 zuwa sama ne Baban Ummi, da ka duba kafin ka kunna.

Baban Ummi: Wannan gaskiya ne Hauwa'u na karɓa, ban duba ba. Amma ki duba jakar makarantar yaron nan, hoton Superman ne a jiki, robar ruwansa ma haka, su suka sayar mana da shi a matsayin na yara sannan su yi fim ɗin da yaro ba zai iya kalla ba. Logan da Joker ba ruwana da su, ba wanda ya manna Joker a jakar ɗana.

Ɗan Gwale: Yaya nemo musu na 1978 na Christopher Reeve, har mage yake saukowa da ita daga bishiya ya miƙa wa yarinya. Ko sabon na James Gunn na 2025, ana tsakiyar faɗa da ƙaton dodo ya tsaya ya ceci kurege, ga karen nan Krypto yara za su so shi.

Sadiq: Na kalle shi, yana da kyau ga yara ban musa ba, amma ni har gobe in aka ce in zaɓa na Henry Cavill na Man of Steel zan ɗauka, ihun nan da ya yi bayan ya kashe Zod ya fi min ceton kurege sau goma.

Maman Khalifa: Ihun bai dawo da kowa ba Sadiq. Baban Ummi fara musu da na 1978, in ƙaramin ya sake tambayarka ka ce masa wancan na jiya wani darakta ne ya ga dama ya yi shi haka.