Neman kalmar Hausa: me za mu kira keken da Turawa ke ce wa "muscle bike"?

Aminu: Assalamu alaikum. Ina neman sunan Hausa ga wani jinsin keken yara da ya yi tashe a Amurka da Ingila daga 1963 zuwa cikin shekarun 1970, wanda yanzu waɗanda suka hau shi suna yara ke bi suna saye suna farfaɗowa. Tayoyinsa ƙanana ne, inci 20, sirdinsa dogo, kansa ya tashi sama, ga wani lanƙwasasshen ƙarfe a bayan sirdi. Na ga an rubuta "keken tsoka", amma bai zauna mini ba.

Malam Haruna: Wa alaikumus salam, Malam Aminu. Keken tsoka kam a bar shi. Sunan aro ne daga motocin Amurka masu ƙaton inji da ake ce wa "muscle car", irin Pontiac GTO ta 1964, ba wai keken yana da wani ƙarfi ba ne. Hasali ma nauyi gare shi, kuma bai iya tafiya mai nisa. Asalinsa yaran kudancin Kalifoniya ne suka riƙa sa wa ƙananan kekuna dogon sirdi da dogon kai don su yi kama da babur. Al Fritz na kamfanin Schwinn ya ɗauki dabarar, suka fitar da Sting-Ray a 1963. A 1968 suka ƙaro jerin Krate, mai tayar gaba inci 16 da ta baya 20, da sifirin a fok ɗin gaba, da giya biyar mai sanda irin ta mota. Tunda kwaikwayon babur ne tushensa, ni "keken ƙirar babur" nake gani.

Bala Mai Keke: Malam, ai muna da suna tuntuni. Wanda duk ya san Raleigh Chopper, Cofa zai ce. A bar shi a kan Cofa mana.

Malam Haruna: Bala, Cofa na kamfani ɗaya ne, Raleigh na birnin Nottingham a Ingila, kuma ya biyo bayan Sting-Ray da shekaru. In muka kira duka Cofa, mai neman kayan gyara zai sayo abin da ba zai shiga ba. Kai ka fi ni sanin wannan.

Bala Mai Keke: Wannan gaskiya ne, kayansu ba sa shiga juna ko kaɗan. Raleigh na Nottingham zarensa, wato haƙoran da ake ɗaure noti a kansu, 26 ne a kowane inci, a gidan boris na feda da na wuyan keke, alhali na sauran kekunan Ingila 24 ne. Kofin boris da ba nasa ba zai shiga zagaye ɗaya ko biyu ya cije, in aka matsa da sifana zaren firam ya tafi, shi ke nan an yi asara. Don haka ba a jefar da tsohon kofin Cofa, a wanke shi da kananzir a canja boris kawai. Hannun fedarsa kuma da kusa ake riƙe shi, mai kaurin milimita 9.5. Wajen cire ta a sassauta noti ya zo daidai da bakin kusar, a tokare hannun fedar da ƙarfe daga ƙasa, sannan a yi bugu ɗaya mai ƙarfi. Ƙananan bugu da yawa su ke tattake kan kusar ta ƙi fita.

Schwinn kuwa hannayen fedarsa ƙarfe ɗaya ne ya ratsa, kuma zaren fedarsa rabin inci ne, ba 9/16 na manyan kekuna ba. Sai tarkon taya. Gargaren gaba na Sting-Ray, wanda suke kira S-7, faɗin da'irarsa milimita 419 ne, an rubuta masa 20 x 1 3/4. Tayar kasuwa mai 20 x 1.75 ta 406 ce. A lissafi lamba ɗaya ce, a kan gargare kuwa ko an kwana ana danna ta ba za ta hau ba. A duba lambar milimita a gefen taya kafin a biya kuɗi.

Malama Rabi: Sannunku da ƙoƙari. Malam Haruna, ina da ja a kan "keken ƙirar babur". Ya yi tsawo a baki, kuma yau kasuwa cike take da kekunan yara masu tankin roba da kekunan lantarki, duk ƙirar babur ce. Mu duba abin da ido ke fara gani, wato sirdin. Bahaushe ya saba raɗa wa abu suna da siffarsa, don haka ina ba da shawarar "dogon-sirdi". Keken dogon-sirdi, kekunan dogon-sirdi.

Aminu: Malama, na Schwinn ai Turawa sirdin ayaba suke ce masa. Ba za mu ce "mai sirdin ayaba" ba?

Malama Rabi: Zai fitar da Cofa daga cikin dangi. Sirdin Cofa ba ayaba ba ne, shimfiɗaɗɗe ne mai tasowa a baya kamar kujera. Amma dukansu dogaye ne. Sirdin ayaba ya zama sunan irin na Schwinn kawai. Ƙarfen bayan kuma "majingina", kan keken "kan ƙaho", abin sa giya "sandar giya".

Malam Haruna: Na karɓa, naki ya fi nawa. Kuma tsawon sirdin nan shi ne halin keken gaba ɗaya. Yana jan nauyin yaro zuwa kan tayar baya, shi ya sa ɗaga tayar gaba ke da sauƙi, shi ya sa kuma yake kifewa ta baya, musamman in an yi goyo. A Cofa na biyu, na 1972, sai da Raleigh ya matso da sirdin gaba saboda haka. Ita ma sandar giya, da yake a kan firam take tsakanin ƙafafun yaro, raunin da take ji wa yara ya sa aka daina sa ta a Amurka daga 1974.

Injiniya Sabo: Na goyi bayan dogon-sirdi. Ina so mu raba "gyara" da "farfaɗowa" kuma, don a wannan harka ba abu ɗaya ba ne. Gyara shi ne keke ya tashi da duk kayan da aka samu. Farfaɗowa a maido shi yadda ya fito daga kamfani a shekararsa, don haka shekarar ake fara ganowa. Schwinn daga 1965 lambarsa tana farawa da haruffa biyu, na farko wata, na biyu shekara: A 1965, D 1968, J 1973, domin ana tsallake I. A Cofa a duba jikin hob ɗin baya, wato cibiyar ƙafar baya, ƙirar kamfanin Sturmey-Archer, an buga shekara da wata, sai dai in an taɓa canja ƙafar.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne saurin kai keke wurin mai fenti. Fentin asali, ko da ya kwarzane, ya fi sabo daraja a wurin masu tarawa. Launukan Schwinn da yawa fenti ne mai shara-shara a kan farin azurfa, fentin gwangwani ba ya kamo shi. A wanke da sabulu, a goge da man goge mota a hankali, a kauce wa rubutun jiki. Tsatsar kurom (farin ƙarfe mai sheƙi) mai sauƙi, a jiƙa takardar foyil da ruwa a goga. In ta yi yawa, a narka garin oksalik, sinadarin cire tsatsa, kamar cokali ɗaya babba a lita 4 na ruwa, a jiƙa kayan su kwana, a ɗauraye da ruwan garin "baking soda", a busar nan take a shafa mai. A sa safar hannu. Kada alminiyom ko sifok mai rufin zink su shiga ruwan, dusashewa suke yi.

Bala Mai Keke: Injiniya, ƙara da hob ɗin giya uku na Cofa. Mai yake so ba giris ba, ɗigo biyu ko uku na man inji mara kauri ta ɗan ramin da ke jikinsa. Man gyaɗa daskarewa yake yi ya riƙe haƙoran ciki. In feda tana zamewa fayau tsakanin giya ta biyu da ta uku, yawanci waya ce ta saki, ba hob ne ya mutu ba. A sa a giya ta biyu, a juya notin wayar har kafaɗar ɗan siririn ƙarfen da ke jikin ƙaramar sarƙa ta zo daidai da bakin aksil, sannan a ɗaure.

Aminu: Madalla, na gode muku duka. Zan rubuta keken dogon-sirdi ga jinsin baki ɗaya, Cofa ga na Raleigh kawai, sannan sirdin ayaba, majingina, kan ƙaho da sandar giya. Malam Bala, saura tayar baya ta Krate mai sulɓi marar zane, ita ma tana neman suna.

Bala Mai Keke: Wannan mai sauƙi ce, taya mai sanƙo. Ita 406 ce, ta kasuwa mai 20 x 2.125 za ta hau gargarenta.