Neman taimako: mun kasa ganin rabuwar ƙwayoyin halitta a saiwar albasa

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman malaman bayoloji. A Texas nake zaune, a Amurka, inda mu wasu iyalai masu karantar da 'ya'yanmu a gida muka haɗa kai, kowa ya ɗauki darasin da ya fi iyawa. Ni aka ɗora wa bayoloji na 'yan sakandare, muna haɗuwa sau ɗaya a mako.

Ganin ƙwayoyin ɓawon albasa da ruwan aidin bai ba mu wuya ba, yaran har rububin madubin ƙara girma (maikiroskof) suke yi. Inda abin ya cije shi ne maitosis, wato yadda ƙwayar halitta ke rabuwa ta zama biyu. Na sa albasa a bakin kofin ruwa har ta fitar da saiwa, na yanki tsininta, na jiƙa a asid na haidirokulorik mai ɗumi, na ɗiga launin metilin shuɗi, sannan na danne da gilashin rufi. Idan madubin ya ƙara girma sau 400, bangon ƙwayoyin da cibiyarsu suna fitowa sarai, amma babu inda kuromosom, wato zaruruwan gado da ke cikin cibiyar, suka jeru a tsakiya ko suka rabu gida biyu. Wani lokacin ma shuɗin ne ke rine komai.

Shin launin ne bai dace ba, sai na nemo launin asetokamin? Ko asid ɗin ne yake daɗewa? Lokacin da ake yankan saiwar fa, yana da tasiri?

Ana sayar da shiryayyun gilasai da aka riga aka ɗora musu saiwar, amma na fi son su yi da hannunsu, tunda jami'o'in nan da yawa suna duba kimiyyar da aka haɗa da gwaji a takardar sakamako. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa min yadda yake bi, daga yanka har dannewa.