Haƙorin yarinyata ya rube, ta ƙi cirewa

Jama'a don Allah ku taimaka. 'Yata mai shekara 5 turminta na ƙasa ya yi rami. Kwana uku ba ta barci, ko kunu mai ɗumi ta kurɓa sai ta dafe kunci tana kuka, Islamiyya ma ta daina zuwa. Mun je wani asibiti a nan Bauchi aka ce cirewa, tana ganin allura ta maƙale a zanina.

Na ji akwai wani ruwan magani mai azurfa da ake shafa wa ramin ba huda ba allura, ruɓar ta tsaya, amma wurin ya yi baƙi. Baƙin bai dame ni ba, haƙorin famfara ne. Tunda ciwo ya kai ga hana barci, zai yi aiki kuwa? Wa ya san inda ake yinsa a Bauchi ko Gombe?