Asibitin da aka fi mutuwa a cikinsa shi ne mara kyau?

Ummu Safiyya: Assalamu alaikum. Za a yi wa mahaifinmu tiyatar zuciya, likita ya ba mu zaɓi tsakanin asibiti biyu. Yayana ya binciko alƙaluman mace-mace, sai ga shi babban asibitin koyarwa ya fi ƙaramin yawan mutuwa nesa ba kusa ba. Yanzu ya kafe sai ƙaramin. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Masana, ku warware mana.

Sista Nas: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Na daɗe ina aiki a sashen kulawa ta musamman. Idan ciwo ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, mu ake turo wa, wani ma ana sauke shi daga mota numfashi na fita da ƙyar. In ya cika a hannunmu, a littafinmu ake rubutawa, su kuwa takardarsu fes. Ki gaya wa yayanki haka.

Malam Ɗan Lissafi: Gaskiyar Sista. Shi ya sa ba a dogara da jimillar kawai. Ana duba shekarun majinyata, irin ciwonsu da sauran cututtukan da ke tare da su, a ƙiyasta mutum nawa ake tsammanin za su rasu, sannan a gwada da waɗanda suka rasu. A ce ana tsammanin 100 sai 120 suka rasu, to nan ne za a ɗaga gira. Farfesa Brian Jarman ya fito da irin wannan ma'auni, HSMR, a Ingila a 1999.

Amma shi ma yana da rami. Asibitin da ke sallamar mutum da wuri ya je ya rasu a gida sai alƙalumansa su yi kyau, shi ya sa ma'aunin da Ingila ta fito da shi daga baya, SHMI, ke ƙirga har wanda ya rasu cikin kwana 30 bayan sallama. Kuma idan ma'aikacin rikod ya manta bai rubuta cewa majinyaci na da ciwon suga ko na ƙoda ba, lissafin zai ɗauke shi mai sauƙin ciwo, laifin ya hau kan likitoci a banza.

Sista Nas: Ƙanwata, ki tambayi likitan kai tsaye: irin wannan tiyatar, guda nawa suke yi a shekara? Da daddare akwai likitan da ke kwana a sashen? Nas ɗaya majinyata nawa take kula da su?

Ummu Safiyya: Na gode ƙwarai. Na tura wa Yaya, ya ce gobe tare za mu je wurin likitan.