Makin shiga likitanci da aiki a gefen gadon majinyaci

Mai bincike: Assalamu alaikum. Ina nazari a kan ko makin JAMB da na jarrabawar tantancewa ta jami'a suna nuna yadda ɗalibin likitanci zai kasance idan ya shiga asibiti, kuma ina roƙon waɗanda suka bi ta wannan hanya su faɗi abin da suka gani da idonsu.

Likitan yara: Wa'alaikumus salam, Malama. A ajinmu makin ya yi tasiri har zuwa jarrabawar MB ta biyu, wadda ake yi kafin a fara koyon aiki a asibiti, domin ilimin sassan jiki da na aikin gaɓoɓi da na sinadaran jiki duk suna buƙatar hadda da juriyar zama. Da muka fara zagayen ɗakunan jinya a aji huɗu sai lissafi ya sauya. Wanda ya yi fice shi ne mai haƙurin zama da uwa har ta gama bayanin yadda zazzaɓin ɗanta ya fara da abin da aka ba shi a gida, alhali wasu daga cikin masu manyan maki suna kallon takardar gwaji fiye da yadda suke kallon yaron.

Ɗalibin aji shida: Ranki ya daɗe, sai kin raba mu gida uku kafin ki kwatanta, tunda jami'o'in tarayya suna ɗaukar kashi 45 bisa cancanta, 35 daga jihohin da ke kewaye da su, 20 daga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Ni ta kaso na biyu na shiga, kuma ban taɓa maimaita aji ba. Abin da ya fi cutar da mu shi ne yawa. Hukumar MDCN, mai kula da aikin likitoci a Najeriya, tana ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, amma tamu ta zarce, har ya zama wanda ya tsaya a baya lokacin zagaye ba ya jin babban likita, balle ya taɓa cikin majinyaci.

'Yar Sudan: Ni ba da JAMB na shiga ba. Na gama a Khartoum kafin yaƙin Afrilun 2023, na dawo gida Najeriya na zauna jarrabawar da MDCN ke yi wa waɗanda suka yi karatu a waje. A shekarar horon sanin makamar aiki, wata uku-uku a sashen cututtukan manya da tiyata da yara da haihuwa, ba wanda ya tambayi makin kowa, sai dai wa zai iya samun jijiyar jariri da tsakar dare. Ina ganin ya kamata ki nemi rahoton shugabannin waɗannan sassa huɗu.

Mai bincike: Na gode ƙwarai. Ɗalibin aji shida, ku nawa ne kuke tsayawa a kan gado ɗaya, kuma shin haka abin yake a sashen haihuwa?