Shugabanka ya kauce hanya, takarda kuma na jiran sa hannunka

Mai tambaya, Yamai

Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ina so waɗanda suka daɗe a biro da fada da magaza su haɗa mana abin da suka sani a kan hali guda. Wanda kake aiki a ƙarƙashinsa ya fara taɓa abin da ba nasa ba, ya kuma turo maka takarda ka sa hannu. Malamai na cewa a bi shugaba, suna kuma cewa Allah ba ya ƙyale azzalumi. To Litinin da safe, takarda na kan tebur, me ake yi?

Malamin zaure, Tahoua

Wa alaikumus salam, ɗana. Fara raba umarni gida biyu, don yawancin ruɗun daga haɗa su yake.

Akwai wanda ke ɓata maka rai kawai: an tura ka Tasara kana da iyali a Tahoua, an hana ka hutu, an fifita ƙanen bayanka. Wannan ka bi. A hadisin Ibn Mas'ud da ke cikin Buhari, Annabi (SAW) ya faɗa wa sahabbai za su ga son kai daga shugabanni, ya ce su ba su haƙƙinsu, su roƙi Allah nasu.

Akwai kuma umarnin saɓo. Wani kwamanda ya fusata ya hura wuta ya ce wa mutanensa su shiga, suka ƙi. Da labari ya kai ga Annabi sai ya ce da sun shiga da ba su fita ba, biyayya cikin abin kirki kaɗai take. Lura, wutar suka ƙi. Hadisin bai ce sun tuɓe shi ko sun watse sun bar shi ba.

Batun hukunci kuwa, hadisin Abu Musa ya ce Allah yana jinkirta wa azzalumi, amma in ya kama shi ba ya kuɓuta, sai Annabi ya karanta aya ta 102 ta suratu Hud. Jinkirin nan ne ke kayar da ma'aikata. Mutum ya ga shekara biyar ba abin da ya sami mai gida sai ƙarin girma, sai ya ce bari shi ma ya ɗiba. Ya duba suratul Ƙasas aya ta 8: Fir'auna da Hamana da rundunoninsu aka haɗa cikin laifi, ba a ware ƙaramin soja ba.

Tsohon ma'aji, Yamai

Allah ya ƙara sani, Malam. Ga yadda abin yake a takarda. Kuɗin gwamnati na bin mataki huɗu kafin su fita: a ɗaure su ga aiki, a tabbatar an yi aikin da adadin abin da ake bi, a ba da umarnin biya, sannan a biya. Uku na farko na shugaba ne, na ƙarshe na ma'aji, kuma doka ta hana mutum ɗaya ya riƙe duka. In ma'aji ya biya abin da bai kamata ba, daga aljihunsa za a nema.

Saboda haka kafin ka biya, duba ko akwai kuɗi a layin kasafin da aka rubuta, ko akwai takardar karɓar kaya mai sa hannun waɗanda suka karɓa da gaske, da ko sunan da ke kan faktir, wato takardar neman biya, shi ne na mai asusun da za a zuba wa. In ɗaya ya gaza, ka dakatar da biya, ka rubuta dalili a layi uku ko huɗu ba tare da zargin kowa ba, ka aika ta littafin wasiƙu a sa maka hannu da kwanan wata. Shugaba na da damar tilasta maka a rubuce, kuma in ya yi, nauyin ya koma kansa. Amma ko da wannan takarda ba ka biya in babu kuɗi a layin, ko ba a yi aikin ba, ko ba mai haƙƙin za a ba ba. Yawancin masu matsa lamba da baki, da ka ce «Ranka ya daɗe, a rubuta mini», sai maganar ta mutu.

Abin da ke kai mutane kaso bai cika zama babbar sata ba. «Biya, takardu na zuwa baya» ta waya. Sa hannu a takardar da ba a cike ba. Barin hatimi a aljihun tebur ba kulle. Mayar da kwanan wata baya. Sai ambulan farko, wanda aka ce na sallah ne. Ranar da ka karɓe shi ka sayar da «a'a» ɗinka na gobe.

Mai kula da magaza, Tahoua

Baba ya gama magana a kan kuɗi. A hatsi satar ba ta da ƙara. Buhun gero mai kilo 100 kusan tiya 40 ne. A zare tiya 2 daga kowane buhu cikin 500, an yi tiya 1000, wato buhu 25, kuma ƙidayar buhuna na nan daidai. Don haka kada a tsaya ga ƙirga, a ɗora wasu a kan kilo daga gaba da tsakiya da ƙarshen kowace mota kafin a sa hannu. Buhu ba ya fita sai da bon, wato takardar izinin fitar da kaya, mai sa hannu, a kuma rubuta shi a takardar kaya a ranar. Ɗan aike ya zo da «Alhaji ya ce», ki gaishe shi, ki ba shi ruwa, ki ce ya kawo bon. Ni mace ce, na san ana ganin kamar za a iya yi mana tsawa mu buɗe. Kwaɗo biyu ne maganin wannan, mabuɗi ɗaya a hannun wani.

Magatakardan fada, Adar

Hajiya, a fada bon ba ya aiki, harshe ne ke aiki. Inda sarki ya fi karkata shi ne rikicin gona, in ɗaya ɓangaren surukinsa ne ko mai kawo gaisuwa. Sarki sulhu yake yi, ba shi ne ƙarshen shari'a ba. In ɓangarori ba su yarda ba, takardar rashin sulhu ake rubutawa magana ta wuce gun alƙali. Laifin magatakarda shi ne ya rubuta an sulhunta alhali ɗaya bai yarda ba, ko ya sa sunan shaidun da ba su taka gonar ba. Bayan dokar karkara ta 1993 an kafa kwamitin filaye daga ƙauye har departama, takardar ƙarya takan tonu a can.

Ba a gyara wa sarki magana a gaban fadawa. Ko ya gane kuskurensa ba zai janye ba, saboda ido. A bari sai bayan isha'i, fada ta watse. A fara da abin da zai same shi: «Allah ya ja zamaninka, takardar nan in ta je gaban alƙali sunanka za a kira.» In bai ji ba, a bi ta liman ko wata gwaggonsa da yake jin nauyi. Ko Fir'auna, magana mai taushi aka umarci Annabi Musa da Haruna su yi masa, a suratu Ɗaha aya ta 44.

Mu nan ba mu rasa misali a gida ba. Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, ya sadu da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo a Magami wajajen 1788. Ya ƙi kyautar zinariya, ya roƙi abu biyar, ciki har da a saki fursunoni a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji, aka ba shi. Da ya karɓi zinariyar da bakinsa ya yi nauyi. Yunfa, da ya hau sarautar Gobir daga baya, ya zaɓi ƙarfi, Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808.

Ma'aikaciyar jinya, Yamai

Gaisuwa ga iyaye. Ni Kirista ce, kuma a Littafi Mai Tsarki akwai wannan hali daki-daki. A 1 Sama'ila sura 15, sarki Saul ya saɓa umarnin Allah, ya bar sarki Agag da dabbobi masu kyau da rai maimakon ya hallaka su, ya ce dabbobin na hadaya ne, ya kuma ɗora wa jama'a laifin. Sama'ila ya ce masa biyayya ta fi hadaya, kuma an ƙi shi a sarauta. Duk da haka bai sauka ranar ba, sai a sura 31 ya mutu a dutsen Gilbowa. A tsakanin nan Dawuda ya kaɗa masa garaya, ya ja masa yaƙi da gaskiya. Da Saul ya jefe shi da mashi sai ya kauce ya gudu. Sau biyu Dawuda ya sami Saul a hannu, a sura 24 da 26, ya ƙi kashe shi.

Wurin da ya fi kama da tambayarka, ƙanena, sura 22 ce. Saul ya ce wa dogaransa su kashe firistocin Nob, suka ƙi ɗaga hannu, suna nan tsaye a bakin aikinsu. Doyeg, wani baran Saul, shi ne ya yi, ya kashe 85. A asibiti haka take zuwa a ƙaramin sifa: rubuta cewa an ba da maganin da ba a bayar ba. Ba ka rubutawa, amma gadin dare ka zo a kan lokaci, don majinyaci bai yi maka laifi ba.

Matashi, Yamai

Ku yi haƙuri iyaye, ni ina ganin wannan duk koya wa talaka shiru ne. Aikinka mai kyau shi ke rufa wa ɓarawo asiri. Suratu Hud aya ta 113 ta ce kada a karkata ga azzalumai.

Malamin zaure, Tahoua

Tambayarka na da ƙarfi, ɗana, kuma akwai inda take cin gaskiya. Annabi Yusuf da kansa ya nemi riƙon taskokin Masar, a aya ta 55 ta surarsa, don yana da ikon tsarewa. Awon ke nan: «a'a» ɗinka tana tsayar da wani abu? In tana tsayarwa, zauna, tafiyarka Doyeg za ta kawo. In kuwa an zagaye ka, ana amfani da sunanka ana nuna wa masu bincike, ko aikin gaba ɗaya ya zama zaluncin ne, to nemi canji.

Tsohon ma'aji, Yamai

In za ka tafi, kada ka ajiye mabuɗi a tebur ka fice cikin fushi. Nemi a yi miƙa aiki a rubuce, a ƙirga kuɗi da kaya a gaban magajinka da shaida na uku, kowa ya sa hannu a kowane shafi. Riƙe kwafinka a gida, ba a biro ba. Bincike yakan zo bayan shekaru, lokacin da mai gida ya daɗe da barin wurin, kuma duk giɓin da ba a rubuta ranar miƙawa ba, wanda ya fita ake ɗora wa.