Fetur ɗinmu bai dace da motar tsere ba

Mai GTI: Jama'a, yau raina a ɓace yake. Golf GTI ce ƙirar 2016, 'yar Amurka, ita nake hawa kullum daga Hotoro zuwa wurin aiki a Sharaɗa. Wata uku da suka wuce na ba wani yaro a Abuja ya taɓa mata kwamfuta, ya ce ƙarfin injinta daga doki 210 ya koma wajen 300. Da asuba kam sai ka ce aljana. Amma da rana ta take, in na fita daga gosulo na danna totur, sai ta yi nauyi, in riƙa jin ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Jiya fitilar inji ta kama. Ni dai na ce fetur ɗin ƙasar nan ruwa ne, ba a yi shi don motar tsere ba.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Motar me? Golf ɗin ce motar tsere? Leƙa tasha ka ga 'yan'uwanta, mutum biyu a gaba, huɗu a baya, buhun masara a but.

Mai GTI: Malam, waccan Golf 3 ce. Tawa turbo gare ta, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Tirela ma turbo gare ta. Sai a kai ta tsere.

Baban Hanif: Kada ka raina ta. Tun 1976 Volkswagen ke fitar da GTI, kuma don gudu aka yi ta. Ba kowace Golf ce ta haya ba.

Hajiya Mai Benz: Motar da tayoyin gaba ke ja ba ta shiga sahun motocin tsere, ko ta shekara ɗari.

Baban Hanif: Hajiya, da girmanki. Ke da taki ta kwana uku a gareji saboda na'urar sensa guda?

Hajiya Mai Benz: Ina ruwan biri da gada? Kuɗinka na taɓa?

Injiniya: Ku ɗan saurara. Ƙanena, tambayi yaron wane fayil na saitin inji ya ɗora wa kwamfutarta. Yawancin waɗanda ake saukowa da su daga intanet an rubuta su ne don man Amurka mai lamba 91 ko 93. Lissafin oktan ɗinsu, wato lambar juriyar mai ga matsi kafin ya fashe da kansa, daban yake da namu: 91 ɗinsu wajen 95 ne a ma'aunin RON da muke amfani da shi, 93 kuma wajen 98. Namu ƙa'idarsa 91 ce a RON ɗin, wato dai ƙaramin man can. Ka ƙara wa turbo matsin iska, ga zafin Kano ya haura 40, ga iskar da ke shiga inji ta ɗumame a gosulo, dole wani ɓangaren man ya riƙa fashewa da kansa ba bisa tsari ba. Ƙarar da kake ji ke nan. Kwamfuta tana ji ta jinkirta wutar filogi, shi ya sa ƙarfi ke zubewa. In ka ci gaba, fistin ne zai biya. Mayar da ita yadda kamfani ya saita, ko a rubuta mata fayil na ƙaramin mai.

Mai GTI: Kun gani, Injiniya ma ya yarda man ne.

Injiniya: Ban ce haka ba.

Sarkin Gudu: Man ne mana! Kun manta Fabrairun 2022 da aka shigo da mai mai sinadarin metanol daga Beljiyam? Injina nawa suka buga?

Baban Hanif: Wannan tsohon zance ne. Tun Satumbar 2024 matatar Dangote ke fitar da fetur.

Sarkin Gudu: To wa ya ce maka shi ake zuba maka? Wani abokina ya ce na Nijar ya fi ƙarfi, in ya sha a Maraɗi motarsa har wata murya take canjawa.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Abokin naka ma Golf gare shi?

Hajiya Mai Benz: Ku tambaye shi ko a jarka yake sha wurin 'yan bumburutu. Tun da aka cire tallafi a 2023 masu "motar tsere" da yawa lita biyar-biyar suke saye.

Mai GTI: Hajiya, wallahi ban taɓa zuba mata na jarka ba. Kuma ni ba sa'an wasanki ba ne.

Hajiya Mai Benz: Gaskiya ne, ɗana ma ya girme ka.

Sarkin Gudu: Ka zuba mata maganin ƙarin oktan na kwalba, shi ke nan.

Injiniya: Yawancin na kwalbar nan abin da suke ƙarawa kaɗan ne, ba zai kai 91 zuwa 98 ba. Har yanzu dai ba a faɗa min fayil ɗin ba.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Bar batun fayil, a fara yarda cewa Golf motar haya ce.

Shugaban zaure: To, ya isa haka, dare ya yi. Abin da na fahimta: mafi yawan 'yan zaure sun tafi a kan cewa Golf ba motar tsere ba ce, kuma motar Jamus a hanyoyinmu wahala ce kawai, kamar yadda ta Hajiya ma ta nuna. Injiniya ya kawo wasu lambobi, mai buƙata ya koma sama ya duba. Ni Corolla ta shekara tara tana shan duk abin da aka zuba mata, ko tari ba ta taɓa yi ba. Akwai wata mai tsabta a hannuna, Mai GTI ka same ni ta bayan fage. Na rufe zancen.